Kuɗin Guminka Naka Ne

Jama'ar Illela, ku saurara. Akwai masu ɗaukar leburori aikin gini ko lodin buhunan albasa. Ranar biya sai maigida ya ce, "Babu kuɗi. Je ka kantina ka ɗauki gero da sabulu." Can kuwa tiyar gero ta fi ta kasuwa tsada. Wata ya ƙare, lebura ya tashi da bashi.

To, wannan laifi ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, ta shekarar 1974, ta ce a biya ma'aikaci da kuɗin ƙasa, watau naira. Ko da Birnin Ƙonni na kusa, sefa ba kuɗin biyan lada ba ce a nan. Kada a wuce wata guda ba a biya ba. Maigida ba shi da ikon tilasta maka saye a kantinsa, ko ya faɗa maka inda za ka kashe kuɗinka.

Wanda ya karya dokar, kotu na iya cinsa tarar naira 800. In ya sāke, naira 1,500. Tarar ta yi kaɗan a yau, gaskiya ne, amma sunansa ya shiga takardar masu laifi.

Tun da ka iya rubutu, riƙa rubuta kwanakin aikinka da abin da aka ba ka. In an cuce ka, kai takardar ofishin ƙwadago a Sakkwato.