Bagaruwa Magani Ce, Amma Ba a Mai da Ita Ruwan Sha

Magana ta yaɗu a Garwa, a kasuwa da kuma saƙonnin WhatsApp, wai tunda masu bincike sun gano bagaruwa cike take da sinadarin da ke kare jiki daga lalacewa, to a jiƙa a riƙa sha safe da yamma. Ai daga itace ta fito, in ji su, ba ta da illa. Masu wannan magana suna da hujja. Iyayenmu sun daɗe suna tsayar da gudawa da ita, suna kurkure baki idan dasashi na jini. Sai dai da gyara.

Sinadarin da ake nufi shi ne galik asid, wanda Carl Scheele, mai haɗa magani ɗan Suwidin, ya tace a 1786. Shi ne tubalin tanin ɗin da ke cikin bagaruwa. A ɗakin gwaji, irin na masu nazarin abinci a Jami'ar Ngaundare, aikinsa na ma'auni ne. Akan zuba ruwan gwajin Folin da Ciocalteu, wanda aka fito da shi a 1927, cikin jiƙon, sai ya rikiɗe shuɗi, a gwada duhunsa da na galik asid tsantsa. Lambar da ta fito ita ake yayatawa. Amma abin da ya faru cikin kwalba kawai ta faɗa, ba ta ce an warkar da kowa ba. Ko bitamin C aka zuba, shuɗin nan zai fito.

Mai son sanin ƙarfin bagaruwa ya leƙa majemar Marwa. Ana tsoma ɗanyar fata cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, ana cuɗawa, har ta kame ta daina ruɓewa, domin tanin ya riƙe furotin ɗin jikinta gam. Idan baduku ya shafa mata kuloko, ruwan da aka jiƙa kashin maƙera a ciki, nan take sai ta yi baƙi ƙirin. Wannan baƙin, ƙarfe ne sinadarin ya damƙe.

Haka yake yi a hanji. Yana damƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da gero da zogale, ya rage abin da jiki zai tsotsa ya gina jini. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan, domin mai juna biyu da aka ba ƙwayar ƙarin jini wurin awo, in ta kora da jiƙon bagaruwa ko shayi mai kauri, ta rage wa maganin ƙarfi ba tare da ta sani ba. Yaro mai fama da ƙarancin jini ma haka.

Don Allah masu magani da masu tura saƙo, in za ku yabi bagaruwa ku haɗa da faɗin ƙima da lokaci. Mai ciki da mai ƙarancin jini kuwa, su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su sha.