YADDA MANOMAN INGILA KE LISSAFIN RANAR DASHE

Jama'a, mu a nan ruwan sama muke jira kafin mu yi shuka, amma mai lambu a Ingila wucewar sanyi yake jira. A can, daren da gari ya yi garau, ba hadari ba iska, sanyi yakan sauka har raɓa ta daskare a kan ganye, ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri. In ta sami tumatir ko kabewa a fili, kafin hantsi sun yi baƙi sun kwanta.

A kudancin ƙasar wannan raɓa kan ɗauke tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Mayu, a arewa kuwa takan kai farkon Yuni. In mutum ya jira sai lokacin ya zuba iri a fili, sanyin Oktoba zai riske shi tumatir bai gama nuna ba. Don haka sai su fara reno a ɗaka, cikin 'yan tukwane a bakin taga, ko a ɗakin gilashi.

To, ga dabarar. Mutum zai fara sanin ranar da raɓar ta saba ɗaukewa a garinsu, sa'an nan ya ƙidaya baya. Tumatir yana son mako 6 zuwa 8 a ɗaka, tattasai mako 8 zuwa 10, kabewa kuwa mako 3 ko 4 sun ishe ta. Misali, in ranar garin 15 ga Mayu ce, sai a zuba irin tumatir tsakanin 20 ga Maris da 3 ga Afrilu. Wanda ya yi garaje ya zuba tun Janairu, tsironsa zai yi tsawo siriri don ƙarancin haske, saiwa ta cika tukunya, ga shi ba damar fitarwa.

Ko ranar ta zo ba a dasawa kai tsaye. Sai a yi kamar mako 2 ana fitar da tukwanen da rana, ana mai da su da dare, har tsiron ya saba da iska. Kabeji da albasa suna jure sanyi, su akan riga dasawa.

Duk da haka lissafin ba alkawari ba ne. A farkon Afrilu 2021 irin wannan raɓa ta faɗa wa gonakin inabi a Faransa bayan sun yi toho, har manoma suka kwana suna kunna wuta tsakanin kunyoyi, amma aka yi babbar hasara. Shi ya sa mai hankali kan rage wasu tukwane a ɗaka, ko da na farko za su ƙone.

Mu ma mun san wanda ya bi ruwan farko ya zuba irinsa duka, fari ya biyo baya. Sauri ya haifi nawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.