Dutsen da Ruwa Ke Ci

Idan kun taɓa zuwa Kagoro da damina, kun ga yadda ruwa ke gangarowa daga kan duwatsu. Kusa da Kafanchan ma, a Matsirga, ruwa yana zubowa daga sama a fili, kowa yana kallo. Duwatsun wannan yanki masu tauri ne ƙwarai. Ruwa ba ya narkar da su cikin sauƙi, saboda haka yakan bi ta kansu ya wuce.

Akwai wani dutse dabam, wato dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi. Ana haƙo shi a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar. Na Kalambaina ya samu ne kimanin shekara miliyan 60 da suka shige, lokacin da teku ya rufe yankin. Ɓawon halittun ruwa ne ya taru a ƙasan tekun, ya daskare ya zama dutse.

To, yaya ruwa ke cin dutse? Ruwan sama yana haɗuwa da iskar kabon a sararin sama. Idan ya ratsa ƙasa, sai ya ƙara samun wannan iska daga saiwoyi da ruɓaɓɓun ganyaye. Ta haka yake zama asid mai rauni, wanda harshenku ba zai ji tsaminsa ba. Amma dutsen farar ƙasa yana ji. Ruwan yana shiga tsagar dutsen, yana narkar da shi kaɗan-kaɗan. Bayan dubban shekaru, tsaga ta zama hanyar ruwa, hanya ta zama kogo. Wani lokaci rufin kogo yakan rufta, sai babban rami ya buɗe a tsakiyar gona. Rafi ma yakan nutse ya ɓace, ya ɓullo a wani wuri mai nisa.

Masana suna kiran irin wannan ƙasa "kast", daga sunan wani yanki da ke kan iyakar Sulobeniya da Italiya. A Amurka akwai kogon Mammoth, wanda tsawon hanyoyinsa ya wuce kilomita 600.

Ku lura da wani abu. Yashi yana tace ruwa, amma kogo ba ya tacewa. Idan aka haƙa masai ko aka zuba shara kusa da irin wannan rami, ƙazantar tana iya isa rijiyar wani ƙauye cikin 'yan kwanaki.