Idan Ƙarfin Mai Gida Ya Ragu

Akwai wata damuwa da ke shiga gidajenmu da yawa, amma kunya ba ta barinmu mu ambace ta. Mai gida ya tarar gabansa ba ya miƙewa kamar dā. Uwargida ta fara zaton ya daina sonta, shi kuwa ya ɗauka sammu aka yi masa. Daga nan sai zargi, wani ma har ya bi dare zuwa wurin boka.

Gajiya da damuwar zuciya suna iya kawo wannan rauni. Amma ga wanda ya haura shekara 40, sau da yawa tushen abin yana cikin jijiyoyin jini. Gaban namiji yana miƙewa ne sa'ad da jini ya cika shi. Jijiyoyin da ke kai jini wurin sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, alhali kuwa waɗanda ke bi ta wuya zuwa ƙwaƙwalwa sun kai milimita 5 zuwa 7. Hawan jini, ciwon sukari, shan taba da yawan kitse suna lalata jijiyoyin jiki duka tare. Kamar yadda ƙaramin lambatu ke riga babba toshewa da damina, haka siraran jijiyoyi ke fara nuna alama. Ran da jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

A shekara ta 2011 masana suka haɗa sakamakon bincike 12, suka ga cewa haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 ga maza masu wannan rauni.

Saboda haka, 'yan'uwa, wannan alama gargaɗi ce da ke zuwa tun da sauran lokaci. Mu je asibiti a auna jini da sukari, mu faɗa wa likita gaskiya. Mu bar taba da giya, mu rage gishiri, mu riƙa tafiya da ƙafa. Kada mu sayi maganin ƙarfin maza a tasha ko kasuwa, gama idan ya haɗu da wani maganin ciwon zuciya yana iya kisa. Kada kuma mu daina shan maganin hawan jini ba da sanin likita ba.

Ku iyayenmu mata, ku raka mazanku da haƙuri, ba da gori ba. Mun yi alkawari a gaban Ubangiji za mu riƙe juna cikin lafiya da cikin ciwo. Allah ya taimake mu mu cika shi.