Awon Gudu: Darasin Da Ɗan Sabo Ya Gada

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun cikin 1916, abincin mutanenta a bisa hanya yake: goro ya yi Arewa, shanu su gangaro Kurmi. Kowane falke ya san in mota ta yi jinkiri goro zai bushe, riba ta tafi. Watau lissafin nisa da lokaci gado ne a Sabo.

To, wannan lissafi shi ne ɗaya daga cikin darussan farko na fiziks a sakandare, kuma yana fitowa a jarrabawar WAEC. Amma yara da yawa kan tsorata da shi, domin a bisa allo kaɗai suke ganinsa.

Ƙa'idar kuwa gajeriya ce: a raba nisa da lokaci. Babbar hanyar Ikko zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1978, tsawonta wajen kilomita 127 ne. Motar da ta cinye ta cikin awa 2 ta yi kilomita 63 da rabi ke nan a awa. Wannan shi ne matsakaicin gudu, har da tsayawar shan mai. Allurar da ke gaban direba kuwa gudun da ake yi a daidai lokacin take nunawa.

Malami mai dabara ba ya bukatar kaya masu tsada. Sai ya auna mita 100 a filin makaranta, ya ba wani yaro agogo, wani ya ruga. In ya kai cikin sakan 20, ya yi mita 5 a sakan, watau kilomita 18 a awa. Akan maimaita sau uku a fid da matsakaici, domin hannun mai agogo yana iya kuskure.

Amfanin darasin bai tsaya ga jarrabawa ba. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin sakan guda, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. In kuma aka ninka gudu, nisan da birki ke bukata yakan ninku sau huɗu. Yaron da ya gane haka ba zai tsallaka titin Mokola da ganganci ba, ran da ya kama sitiyari kuma zai tuna sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka iyaye su taimaka. In direban gida ya sauka, a sa yaro ya tambaye shi nisa da lokaci, ya fid da lissafin da kansa.