MA'AUNIN TSAMI DA INDA YA GAZA

Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, to, ta yi aikin da masana kimiyya ke aunawa da ma'aunin pH. Wani masani mutumin Denmak, Sorensen, shi ya fito da shi a 1909, a ɗakin bincike na Carlsberg.

A makaranta an koya mana cewa ma'aunin daga 0 ya tashi, ya tsaya a 14. Ruwa zalla yana kan 7. Abin da ya yi ƙasa da 7 asid ne, watau dangin tsami, kamar ruwan lemon tsami da ke wajen 2. Abin da ya haura 7 kuwa dangin kanwa ne da ruwan toka. Amma fa a lura, kowane mataki ninki goma ne. Ruwa mai 3 ya ninka mai 4 tsami sau goma, ya ninka mai 5 sau ɗari.

To, sai dai 0 da 14 ɗin nan ba ganuwa ba ce. A wani tsohon ramin ma'adinai na Iron Mountain da ke Kalifoniya, an auna ruwa ya kai 3.6 ƙasa da sifiri. Soda mai kauri kuma tana zarce 14, kuma a irin wannan matsayi na'urar awon kanta takan yi ƙarya. Har 7 ɗin ma sai da sharaɗi, don ruwa zalla in ya tafasa yakan sauko kusan 6, alhali bai zama asid ba. Man gyaɗa da kananzir kuwa ba ruwansu da ma'aunin, domin abin da ke cikin ruwa yake aunawa.

'Yan'uwa da ke sana'ar sabulu ko cajin batir a Ikko da Badun da Fatakwal, ku nake wa magana. Mutane sun san tsoron ruwan batir, amma suna raina soda, alhali ɗaya ƙarshen ma'aunin ma cin nama yake yi. Narkakkiyar soda garau take kamar ruwan sha, ba wari, shi ya sa yara kan kurɓa ta ƙone musu maƙogwaro. Kada a zuba ta a kwalbar lemo. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa. In an sha, kada a sa amai, kada a ɗura lemon tsami wai don ya kashe ta, kada a tsaya neman manja, a wuce asibiti nan take.