Alƙaluman Damargu suna ajiye, wa zai iya tambayarsu?

Ma'aikatan SIMA, masu bibiyar farashin kayan gona a Nijar, suna zagaya kasuwanni suna rubuta kuɗin gero da dawa da wake. Asibitocin karkara kuma suna tura alƙalumansu cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙera. Bayanai kam sun taru. To amma a yankin Damargu, mai kula da bankin cimaka a Gangara, ko kansila a Tarka, in yana son sanin tsadar da gero ya yi a bazarar bara, da wane baki zai tambayi kwamfuta?

Rumbun bayanai ba ya amsawa sai an yi masa harshensa. Mafi shahara shi ne SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da shi a kamfanin IBM a 1974, da nufin ko wanda ba gwani ba ya iya. Da kalmomin Ingilishi suka gina shi, kuma har yau sai mai horo ke sarrafa shi. Moshé Zloof, shi ma a IBM, ya kawo wata dabara: a ba mutum jadawali ya cike gurbi da misalin abin da yake nema. DHIS2 ma tambaya uku take yi: me, ina, yaushe.

Wannan ya rage wahala, amma da sauran aiki. Mutumin Tanut da tiya yake awo, rumbun kuwa kilo ya sani. In ya ce tiya dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Lokacinsa kaka ne da bazara da ranar kasuwa. Ga kuma tarko babba: sai a 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma. Wanda ya kwatanta noman Tanut na 2005 da na bana ba tare da manhaja ta gargaɗe shi ba, zai ɗauka gonaki ne suka mutu, alhali iyaka ce ta sauya. Da irin wannan kuskuren ake iya karkatar da agajin abinci.

Ra'ayina shi ne a fara da zama da manoma da makiyaya a ji yadda suke tambaya, kafin a rubuta ko layi guda. A karɓi tambaya da murya ta salula, da Hausa da harshen Buzaye da Fulatanci, kuma manhaja ta maimaita abin da ta fahimta kafin ta amsa. Matasanmu masu karanta ilimin kwamfuta a Damagaram da Yamai, wannan aikin naku ne.